Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Manhajar Da Sabon Ma'aikacin Bankin Zuba Jari Zai Fara Koyo

 

Bayan fitowar da ta gabata, wani dattijo daga Maraɗi ya aiko mini da takarda. Ɗansa ya kammala karatun sha'anin kuɗi a jami'a, an kuma ɗauke shi horon sanin makamar aiki a wani kamfanin dillancin hannayen jari da ke Abijan, zai fara nan da wata uku, burinsa kuwa ya zama ma'aikacin bankin zuba jari. Yaron ya kawo masa jerin kwasa-kwasai biyar na manhajojin kwamfuta da ake sayarwa ta intanet, ya ce sai ya yi su duka kafin ya tafi, in ba haka ba zai sha kunya a gaban tsararrakinsa. Dattijon ya haɗa kuɗin, ya ga sun kai cefanen gidansa na wata biyu, shi ne yake tambaya: a cikinsu wanne ne tilas, wanne ne ado?

Baba, ga amsa a taƙaice kafin bayani ya biyo: ya fara da Excel, ya zauna a kanta har ta zama masa kamar alƙalami a hannun magatakarda. Bayanta sai PowerPoint. Sauran duka suna iya jira, wasunsu ma ba a koyonsu sai an shiga ofis. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu san wane irin banki ake magana. Wannan ba shi ne bankin da kuke kai ajiya ko karɓar albashi ba. Bankin zuba jari yana hulɗa ne da manyan kamfanoni da gwamnatoci. Idan kamfani yana son sayar da hannayen jarinsa ga jama'a, ko yana son sayen wani kamfani, ko gwamnati tana son tara kuɗin gina hanya ta hanyar takardun lamuni, shi ne mai ba da shawara, mai ƙiyasta farashi, mai nemo masu saye. Cibiyoyin wannan sana'a su ne Niyok da Landan, sai irin su Faris da Dubai da Hong Kong, manyan sunayenta kuwa su ne Goldman Sachs da Morgan Stanley da JPMorgan da Lazard da Rothschild. A yankinmu ana yin irin aikin a Legas, ana kuma yinsa a Abijan, inda kasuwar hannayen jari ta BRVM take tun 1998, tana yi wa ƙasashe takwas masu amfani da kuɗin sefa na yammacin Afirka aiki, har da Nijar.

Sabon shiga a irin wannan banki ana kiransa manazarci, kuma shi ne ƙasan tsani. Yakan yi shekara biyu ko uku a wannan matsayi. Ba shi ke zama da shugaban kamfani ana ciniki ba. Aikinsa shi ne ya tattaro alƙaluma daga rahoton shekara na kamfanoni, ya gina lissafin da zai nuna darajar kamfanin, ya kwatanta shi da takwarorinsa, sannan ya zuba sakamakon a kundin gabatarwa wanda manyansa za su ɗauka su tafi da shi wurin taro. Aikin kuwa ba na rago ba ne. A shekarar 2021 wasu sababbin manazarta 13 na Goldman Sachs sun rubuta koke ga shugabanninsu, suka bayyana cewa suna aikin fiye da sa'o'i 90 a mako, barcinsu bai wuce na sa'a biyar ba a dare. Wanda ke cikin wannan hali, duk minti goma da hannunsa ya rage masa a kan kwamfuta barci ne ya samu.

Mafi yawan waɗannan sa'o'i a cikin Excel suke ƙarewa. Excel jadawali ne na lissafi, shafi ne mai gidaje-gidaje a jere tsaye da kwance, kowane gida ana iya sa masa lamba ko a sa masa ƙa'idar lissafi da ke ɗauko lamba daga wani gida. Idan aka canza lamba ɗaya, duk gidajen da suka dogara da ita sai su canza da kansu. Irin wannan manhaja ta fara ne da VisiCalc a 1979, wadda Dan Bricklin da Bob Frankston suka ƙirƙira, sai Lotus 1-2-3 ta biyo a 1983, sannan kamfanin Microsoft ya fito da Excel a 1985. Shekara arba'in ke nan ana ta fito da sababbin manhajoji, amma har yau idan banki zai aika wa lauya ko mai binciken asusu ko abokin ciniki lissafin darajar kamfani, da Excel yake aikawa, domin ita ce kowa zai iya buɗewa ya bi lissafin gida-gida da idonsa.

To, me ake nufi da iya Excel? Yara da yawa sukan rubuta a takardar neman aiki cewa sun iya, alhali abin da suka sani bai wuce tara lambobi da zana layi ba. Iyawar da banki yake nema tana da hawa uku.

Hawa na farko shi ne saurin hannu. Ya koyi aiki da madannai kaɗai, ya ajiye linzamin kwamfuta gefe. F2 tana buɗe gida ya ga ƙa'idar da ke ciki, F4 tana kafe adireshin gida don kada ya goce in an kwafa, haka sauran gajerun hanyoyin tsallake shafi da zaɓen layi. Wannan ba a karanta shi a littafi, sai dai a maimaita kullum kamar yadda ake tilawa, har yatsu su haddace.

Hawa na biyu shi ne ƙa'idojin da aikin yake juyawa a kansu, kuma ba su da yawa. Akwai na nemo lamba daga wani jadawali, wato VLOOKUP da INDEX tare da MATCH, da sabuwarsu XLOOKUP. Akwai SUMIFS ta tara lambobi bisa sharaɗi, da IF ta yanke hukunci tsakanin hali biyu. Akwai kuma NPV da IRR, waɗanda ake auna darajar kuɗin da za su shigo nan gaba da su. Ma'anar wannan awo ita ce, idan mai jari yana sa ran ribar kashi 10 cikin 100 a shekara, to sefa 1,100,000 da kamfani zai samar baɗi daidai suke da sefa 1,000,000 a yau a wurinsa. Sai dai kowace ƙa'ida tana da halinta da ya kamata a sani. NPV, alal misali, tana ɗaukar lambar farko da aka ba ta a matsayin kuɗin da zai zo bayan shekara ɗaya. Wanda bai san haka ba, ya sa mata jarin da aka kashe yau a ciki, zai sami amsa mai kyan gani wadda ba daidai ba ce, kuma kwamfuta ba za ta ce masa uffan ba.

Hawa na uku shi ne tsari, kuma a nan ake gane ɗan halak. Al'adar bankunan nan ita ce a rubuta lambar da aka shigar da hannu da shuɗin launi, wadda ƙa'ida ta fitar kuma da baƙi, wadda aka ɗauko daga wani shafi da kore, don duk wanda ya buɗe ya san asalin kowace lamba da kallo ɗaya. Kowane zato, kamar farashi ko haraji ko canjin kuɗi, gida ɗaya ake ba shi, sauran gidaje su riƙa ɗauka daga can. A ɗauka ana lissafin kamfanin casar shinkafa, yaro ya rubuta farashin buhu da hannu a gidaje arba'in. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare sai ubangidansa ya ce a rage farashin da kashi 5 cikin 100. Zai gyara talatin da tara, ya manta ɗaya, kuma wannan ɗayan shi ne za a gani a gaban abokin ciniki. Wanda ya ba farashin gida ɗaya kuwa, cikin daƙiƙa ya gama ya tafi ya kwanta.

Amma fa Excel fanko ce in babu ilimin asusu a ƙarƙashinta. Kowane kamfani yana da takardu uku: ta riba da asara, ta ma'aunin dukiya da bashi, da ta shiga da fitar tsabar kuɗi. Ukun nan a sarƙe suke. Ribar da ta fito a ta farko tana shiga ta uku, kuɗin da suka rage a ta uku suna komawa ta biyu, a ƙarshe kuma tilas dukiyar kamfani ta yi daidai da bashinsa haɗe da jarin masu shi. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanci rabon gado ya san wannan tarbiyya: bayan an fitar da asalin mas'ala an ba kowane magaji rabonsa, sai an sake tarawa an ga ya koma daidai da abin da mamaci ya bari, in ya ɗara ko ya gaza ko da tamma ɗaya ce, akwai kuskure a wani wuri. Haka manazarcin kirki yake sa layin bincike a ƙasan jadawalinsa, wanda tilas ya nuna sifili a kowace shekara. Ranar da yaronku ya iya gina waɗannan takardu uku daga farin shafi, suka daidaita ba tare da ya cusa wata lamba don rufe giɓi ba, ranar ya iya Excel.

Kada wani ya ɗauka wannan tsanantawa ce ta malaman makaranta. Tarihin sana'ar cike yake da misalai. A watan Satumba na 2008, da bankin Lehman Brothers ya karye, bankin Barclays ya amince zai sayi wani sashe nasa. An aiko da jerin yarjejeniyoyin da za a saya a jadawalin Excel mai layi kusan dubu, waɗanda ba a so kuma an ɓoye layukansu maimakon a goge su. Wani ƙaramin lauya da aka sa ya gyara fasalin takardar cikin gaggawa don a miƙa wa kotu bai lura ba, ɓoyayyun layukan suka fito, yarjejeniyoyi 179 da Barclays bai yi niyyar saye ba suka shiga cikin cinikin, sai da aka koma kotu neman gyara. A 2014 kuma, wajen sayar da kamfanin manhaja na Tibco, wanda Goldman Sachs ke ba shi shawara, an ƙidaya wasu hannayen jari sau biyu a jadawalin da aka yi aiki da shi, sai bayan an ƙulla ciniki aka ga jimillar kuɗin ta gaza abin da aka zata da kimanin dala miliyan 100, magana ta kai gaban alƙali. Shi kuwa JPMorgan, bayan asarar fiye da dala miliyar 6 da ofishinsa na Landan ya jawo a 2012, rahoton binciken bankin da kansa ya nuna cewa ma'aunin haɗarin da aka dogara da shi yana tafiya ne a kan jadawalan Excel da ake kwafar lambobi da hannu daga wannan zuwa wancan, kuma a wani wuri an raba lamba da jimilla maimakon matsakaici, abin da ya sa haɗarin ya bayyana ƙasa da yadda yake. Ba wannan kuskure ne ya haifar da asarar ba, amma ya taimaka wajen rufe idon masu sa ido. A duk ukun nan babu inda rashin sanin wata babbar manhaja ya jawo matsala. Abin da aka rasa shi ne mutum ɗaya da zai sake dubawa.

Akwai wata matsala ta musamman ga ƴaƴanmu da suka yi karatu da Faransanci. Excel ta Faransanci sunayen ƙa'idojinta dabam ne: VLOOKUP a can RECHERCHEV ce, MATCH kuma EQUIV, NPV ita ce VAN, IRR ita ce TRI. Inda ta Ingilishi take raba sassan ƙa'ida da waƙafi, ta Faransanci da ruwa biyu mai wutsiya take rabawa, kuma waƙafin da ke nuna dubbai a wannan shi ne ke nuna ɓangaren lamba a waccan. Hatta jerin madannan ba ɗaya ba ne, namu AZERTY, nasu QWERTY. A Abijan da Dakar zai tarar da ta Faransanci, a Legas da Landan da Dubai ta Ingilishi. Shawarata ita ce ya koya da ta Ingilishi, domin mafi yawan darussa da misalai da ita aka rubuta su, ya kuma ajiye ƴar takarda mai sunayen biyu a gefensa. Haka nan ya san cewa kamfanoninmu suna tsara asusunsu bisa tsarin SYSCOHADA, na ƙasashen waje da yawa kuma bisa IFRS, jeren layukan ba iri ɗaya ba ne.

Bayan Excel sai PowerPoint. Lissafi komai kyansa, abokin ciniki ba ya ganinsa, kundin gabatarwa yake gani. Abin da ake so a nan tsabta ce da daidaito: kowane shafi ya faɗi magana ɗaya a kansa, rubutu da zane su tsaya a kan layi, a rubuta tushen kowace lamba a ƙasa, kuma lambar da ke shafi na 4 ta zama ita ce ke shafi na 27. Mako biyu na aiki tuƙuru sun isa a kama hanya. A haɗa da sanin yadda ake bin sawun gyara a Word, da kwatanta takarda biyu don a ga abin da aka canza, domin takardun yarjejeniya sukan yi ta kai da kawowa tsakanin banki da lauyoyi.

Na uku su ne rumbunan bayanai, irin su Bloomberg da FactSet da Capital IQ da Workspace na kamfanin LSEG. Daga cikinsu ake ɗauko farashin hannayen jari da tarihin cinikayyar kamfanoni. Baba, a nan kada ku fitar da ko dala. Kuɗin hayar kujera ɗaya ta Bloomberg ya haura dalar Amurka 20,000 a shekara, ma'aikata ce ke biya, kuma kowane banki da wanda yake amfani da shi. Wanda ya iya Excel cikin mako guda zai saba da duk wanda ya tarar. Abin da zai iya yi tun daga gida shi ne ya saba da karanta asalin rahoton kamfani, wanda kyauta ake samunsa: kamfanonin Amurka suna ajiye nasu a rumbun EDGAR na hukumar kula da kasuwar hannayen jarin ƙasar, na yankinmu kuma irin su Sonatel suna nan a shafin BRVM.

Sai na ƙarshe, waɗanda su ne suka fi ɗaukar hankalin samari: VBA da Python da SQL, wato harsunan da ake rubuta wa kwamfuta umarni da su. Ba na musun amfaninsu. Shafin Excel yana tsayawa ne a layi 1,048,576, wanda bayanansa suka wuce haka sai ya nemi SQL ko Python. Microsoft ma da kansa ya sanar da shigar da Python cikin Excel a 2023. Wanda kuma burinsa shi ne sashen ciniki da kwamfuta ko sashen auna haɗari, wannan Python ce abincinsa, kuma hanyarsa dabam ce da wadda muke magana a kai. Amma manazarcin da ke aikin saye da sayar da kamfanoni, alƙalumansa na shekara biyar baya da biyar gaba ne, shafi kaɗan sun ɗauke su, kuma ubangidansa yana son ya danna gida ya ga inda lamba ta fito. Saboda haka Python ta jira shekara ta biyu, lokacin da ya san wane aiki ne yake maimaituwa har ya cancanci a ɗora wa inji.

Haka zancen yake game da manhajojin ƙirƙirarriyar basira da suka bazu tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022. Suna iya rubuta ƙa'idar Excel cikin ƙiftawar ido, suna taƙaita rahoto mai shafi ɗari biyu, manyan bankuna ma sun samar wa ma'aikatansu irin nasu na cikin gida. Sai dai sukan kawo lambar ƙarya da cikakkiyar gadara, kuma wanda bai iya lissafin da hannunsa ba ba zai gane ba. Ƙari a kan haka, zuba sirrin abokin ciniki a cikin manhajar da ke buɗe ga kowa cin amana ne da ke iya raba mutum da aikinsa rana ɗaya.

Na san akwai tambayar da ke zuciyar iyaye da yawa ko da ba su furta ba, ita ce maganar riba. Gaskiya ne wani sashe na aikin waɗannan bankuna ya shafi bashi mai ruwa, wani sashen kuma dillanci ne da shawara kan sayen kamfani da hannun jari. Hukuncin kowane sashe na malamai ne, kuma ya kamata yaro ya zauna da malaminsa ya bayyana masa ainihin abin da za a sa shi kafin ya sa hannu a takarda. Abin da zan ƙara kawai shi ne, wannan ilimi shi ne dai ake bukata a ɓangaren kuɗi na Musulunci. Senegal ta fitar da sukuk na sefa miliyar 100 a 2014, Najeriya ta fitar da na naira miliyar 100 a 2017, kuma wani ne ya zauna ya gina lissafinsu a jadawali. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain ta gindaya cewa kafin a sayi hannun jarin kamfani, kada bashinsa mai ruwa ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajarsa a kasuwa, kada kuma kuɗin da yake samu ta hanyar da ba ta halatta ba su wuce kashi 5 cikin 100 na abin da yake samu. Wa zai tantance wannan in ba wanda ya iya karanta asusu da Excel ba?

Don haka, Baba, ga yadda nake ganin ya kamata a raba watanni ukun nan. Watan farko: madannai da ƙa'idoji, sa'a biyu kowace safiya. Wata na biyu: ya sauko da rahoton shekara uku na kamfani ɗaya daga BRVM, ya shigar da alƙaluman da hannunsa, ya gina takardun nan uku, ya yi hasashen shekara biyar, har layin bincikensa ya nuna sifili. Wata na uku: ya ɗauko kamfanoni huɗu masu irin sana'ar ya kwatanta, ya zuba sakamakon a shafi goma na PowerPoint, sannan ya zaunar da ku ya yi muku bayani da Hausa. In kuka gane, to shi ma ya gane. A cikin kwasa-kwasan nan biyar, in za ku biya, ku biya wanda ke koyar da gina lissafin kamfani a Excel, sauran kuɗin a saya masa kwamfuta mai lafiyar madannai da batir mai jure ɗaukewar wuta.

Kai kuma ƙanena mai shirin tafiya, za ka tarar da waɗanda suka fi ka iya Turanci da sanin sunayen manhajoji, kada wannan ya dame ka. A wannan sana'a wanda ake riƙewa shi ne wanda in ya miƙa lamba, babba zai iya ɗaukarta ya shiga taro ba tare da ya sake lissafawa ba. Kafin ka aika kowane aiki, ka buga shi a takarda, ka ɗauki biro ka bi shi layi-layi, ka nemi ɓoyayyen layi, ka sake tara jimilla da ƙaramin injin lissafi. In ka ga kuskure bayan ka aika, ka faɗa da bakinka tun kafin a gano.

Allah ya sa albarka a karatun ƴaƴanmu, ya ba su abin yi na halal. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.